Algaitar da Na Haɗa wa Baba

Ranar da numfashin Baba ya yanke a tsakiyar busa ina wurin, kuma ba kallo ya kai ni ba, ɗauko ni aka yi in kula da lasifika. Naɗin wani mai unguwa ake yi can wajen Ƙofar Gayan, da la'asar, fili ya cika. Kakanku Tanko, wanda duk birni ke kira Tanko Mai Algaita, ya cika kumatu ya ɗauko taken gidan, ya kai inda ake ja a daɗe, sai kawai sautin ya tsinke. Shekarata talatin da huɗu a duniya ban taɓa jin algaitarsa ta tsinke ba, don mutum ne mai shaƙa ta hanci yana busawa ta baki a lokaci guda, kai mai saurare za ka gaji shi bai tsaya ba. Ya sauke ta, ya duƙa ya yi tari cikin hannun riga, ya ɗago ya yi wa jama'a murmushi kamar ƙwarewa ya yi. Ni da nake kusa na ga abin da ya ɓata hannun rigar.

Ku 'ya'yana kun san ni da gyaran rediyo da talabijin, kun kuma san ni da baƙar magana, ban musa ba. To yau bakin nawa kaina zan juya wa, ku karanta da haƙuri. Gidanmu na Ƙofar Kuyambana gidan busa ne tun kakan kakana. A da kowane babban gida a birnin nan yana da takensa, na malamai daban, na maƙera daban, na mahauta da maɗinka da fatake daban. Take kuwa ba kiɗan nishaɗi ba ne, magana ce. Algaita tana kiran sunan mutum da na ubansa, tana faɗin abin da kakansa ya yi, wanda ya san kan abin yana jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar da baki ake faɗa. Ba a rubuta ko ɗaya ba. Baba yana riƙe da sama da sittin a kansa. Ni ma an fara da ni: ina shekara bakwai aka ba ni ƙwarya da ruwa da siririn kara in yi ta hura kumfa ba yankewa, haka ake koyon numfashin. Da na shiga boko yara suka laƙaba mini Ɗan Maroƙa, na dawo gida na kife ƙwaryar na ce na daina. Baba bai doke ni ba, ya juya kan ƙanena Garba. Garba ya iya, ya ƙware, har ana cewa zai wuce uban. Shekara biyu kafin wannan naɗin mota ta kife da shi a hanyar Kaduna. Saura ni.

Asibiti suka ce huhu ne, kuma ya taɓa maƙogwaro. Kafin wata biyu muryar Baba ta dushe ta koma raɗa. Na kawo rakoda na ce ko da gunguni ne ya yi mini, sai ya yi ja biyu ko uku tari ya turnuƙe shi. Ku dubi ikon Allah, rakodar mutane ta fi goma jibge a shagona kowace rana, amma ban taɓa danna ɗaya na ɗauki ubana yana busa ba. Wa ke tunanin adana abin da yake ji kullum tun yana ciki?

Wata safiya bayan ƙaramar salla, ina shirin fita shago, ya kira ni a zaure.

"Idi, zo zauna."

"Ga ni, Baba."

"Haƙoranka na nan, kumatunka na nan. Kawo wuyanka."

Ya sa babban yatsansa ƙarƙashin haɓata, ya ɗora yatsu biyu a kumatuna. Hannun ya yi sanyi, amma da ƙarfinsa.

"Haka aka yi mini, haka na yi wa Garba," ya ce, ina sunkuyawa don in ji. "Kai ka busa, ni in matsa inda za ka matsa, in saki inda za ka saki. In Allah ya ba ni daminar nan, za ka ɗauki goma. In ya ƙara mini da kaka, sha biyar."

"Sauran fa?"

"Sauran sun tafi."

Wannan "sun tafi" ɗin ita ta tunzura ni. Yadda ya faɗe ta a sake, kamar yana ba da labarin kajin da annoba ta kwashe. Na janye wuyana na ce:

"Baba, ni ba goma nake so ba, duka nake so. Numfashi ne ba ka da shi, yatsunka lafiyarsu ƙalau. Zan haɗa maka algaitar da ba ta neman numfashi. Kai ka danna, ita ta yi kuka, ni in ɗauka a kaset. Ko ɗaya ba zai ɓata ba."

Ya dubi yatsunsa.

"Yatsu dai?" ya ce.

"Yatsu kawai."

"To, Injiniya."

Haka yake kirana in ya so tsokana. Ranar ban ji tsokana a ciki ba. Kuma bari in faɗa muku gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba: ba kwaɗayin sittin kaɗai ya hana ni miƙa wuya ba. Kunya ce. Ƙato da ni, mai mata da 'ya'ya uku, mai shago da allo a bakin titi, a wuto ta zaure a gan ni na duƙa ina hura kumfa a ƙwarya? Na fi son a ce Idi ya ƙera abin da ba a taɓa gani ba a birnin Zariya.

Ina da aboki a unguwar Kongo, Bala, ma'aikacin ɗakin injuna ne a jami'a. Shi ya taɓa nuna mini irin ƙananan kwamfutocin nan da malamai suka riƙa sayo wa 'ya'yansu daga Ingila shekarun baya, waɗanda ake jona wa talabijin a yi wasa. Zuwa lokacin, farkon shekarun casa'in, duk sun mutu ko an gaji da su, suna ƙarƙashin gado da bayan kabad. A cikin kowace akwai wata 'yar baƙar ƙwaya mai ƙafafu, aisi muke ce mata, ita ke yin duk kukan da ake ji a wasan. Bala ya bi gida-gida ya haɗo mini gawa huɗu. Na ɗaure su a bayan babur cikin buhun suga, na shigo da su birni ina jin kaina kamar na ɗauko zinariya.

Daga nan zaɓe ya fara, kuma zaɓen nan shi ya cinye mini shekarar. Biyu daga cikin kwamfutocin aisinsu mai ƙafa arba'in ne, mai ƙarfi, ba ya zafi, ba ya laulayi. Amma muryarsa fa? Kukan gyare. Duk yadda ka juya shi abu ɗaya yake yi, siriri, busasshe. Cikin kwana uku na sa shi ya yi kuka, da a ce shi na ɗauka da kafin saukar ruwa na gama. Na ce Allah ya kiyaye in sa taken gidanmu a bakin gyare. Sauran biyun aisinsu mai ƙafa ashirin da takwas ne, shi kuwa yana da wata baiwa: ana iya matse masa murya ta fito ta hanci, da kauri, da 'yar zaƙi-zaƙi, kamar dai algaita. Ranar da na fara jin haka tsigar jikina ta tashi. Sai dai biyun ba ɗaya ba ne, akwai tsohon ƙira akwai sabo. Tsohon yana cin wuta mai ƙarfin sha biyu, yana zafi har ba ka iya ajiye yatsa a kai, muryarsa da ƙura-ƙura da gurnani a ƙasa. Sabon tara yake ci, muryarsa fes. Sati uku ina jera su ina saurare, in kunna wannan in kashe wancan. Garin gwaji na ɗora sabon a gurbin tsohon na manta ban rage wuta ba. Ko ƙara bai yi ba, ɗan wari kawai na ji. Na zauna na riƙe kai. Sai da Bala ya sake wata guda yana cigiya kafin ya samo mini wani sabon, wajen wani malami da zai koma ƙasarsu. Tsohon yana nan lafiyarsa lau a kan tebur duk tsawon watan, na ƙi shi, don kunnena na mai gyaran rediyo ya ce gurnani ciwo ne.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Baba ya daina zuwa masallacin Juma'a, sai na unguwa, yana dafa bango. Wata rana na wuto da kwalin kaya, ya ɗaga mini hannu, ya buɗe yatsunsa.

"Yanzu biyar za ka ɗauka," ya ce.

"Baba, an kusa."

"To."

A gefen aisin akwai wasu 'yan ƙwayoyi biyu ƙanana, kwandansa muke ce musu, su ke yanke irin kaurin da murya za ta yi. Dole su zama tagwaye, nauyinsu ɗaya. Na farke rediyo ya fi ashirin ina ciro su ina aunawa a mita, na je Sabon Gari, na je Kaduna, har Kano na je saboda abin da bai kai ƙwayar wake ba. Lasifika ma haka. Ta takarda ta yi laushi da yawa, ta ƙarfe irin ta masallaci ta yi tsawa. Na ƙare da wata 'yar ƙarama ta rediyon mota, na zuba ta cikin bakin tsohuwar algaitar Garba da ta tsage, na liƙe da danƙo. Aisin kuma ba ya kuka da kansa, sai ƙwaƙwalwar kwamfutar ta riƙa faɗa masa lamba, don haka na bar fanel ɗin kwamfutar, wato allon kayan cikinta, gaba ɗaya, Bala ya rubuta mata umarnin da za ta bi. Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne wannan: algaita rami huɗu gare ta, sandar da yara ke wasa da ita a kwamfutar kuma maɓalli huɗu ne a cikinta. Da na lura da haka sai na ce shi ke nan, Allah ne ya tsara. Na sa masassaƙi ya fere mini ice daidai tsawon algaitar Baba, na auna tazarar ramukan, na dasa maɓallan nan huɗu a gurbinsu.

Inna, kakarku, ba ta taɓa shiga ɗakin da nake aikin ba sai rana ɗaya. Ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta dubi wayoyi, ta dube ni.

"Idrisu, kai wane irin mutum ne? Ubanka na zaure yana ƙarewa, kai kana nan kana shaƙar hayaƙin dalma."

"Inna, ai don shi nake yi."

"Don shi? Jiya tun hantsi ya sa aka jiƙa masa karan bakin algaita, ya ajiye ta a gefe yana jiranka. Har azahar. Ka wuce shi sau uku."

"Na gaishe shi mana."

"Ka gaishe shi," ta ce. Ta juya ta tafi.

Na bi bayanta da harara, Allah ya yafe mini. A raina cewa nake tsofaffi ba su san aikin ilimi ba.

Yanzu ga wurin da nake so ku karanta a hankali. Don in daidaita kowane maɓalli da sautin da ya dace, sai na jona wa kwamfutar abin murɗa sauti na rediyo, bolum, ta wata kafa da ke gefenta. In na murɗa, muryar ta hau, in na mayar ta sauka. Niyyata in nemo daidai wurin da kunnen Baba ya yarda, in rubuta lambar, in cire bolum ɗin. To amma kafar nan ba ta riƙe lamba ta tsaya cak. Ko ba ka taɓa ba muryar tana ɗan rawa, in ka murɗa kuma ba ta tsalle daga wannan sauti zuwa wancan, zamewa take yi tana jan ƙafa. Ni kuwa shekara goma sha biyar aikina ke nan, kashe rawa. Rediyon da tasha ke zamewa a cikinsa mara lafiya ne, an kawo mini shi ne in ɗaure shi ya tsaya wuri ɗaya. Da haka na yi suna. Hannuna ba ya iya jin murya na rawa ya ƙyale.

Na kai kayan zaure da hantsi na kunna. Baba yana kishingiɗe, idonsa a rufe. Na danna maɓalli, na murɗa bolum, muryar ta zame sama tana karkarwa ta dawo. Sai na ga ya buɗe ido. Ya yunƙura ya tashi zaune, abin da ya kwana biyu bai yi da kansa ba.

"Mene ne wannan?"

"Matsala ce, Baba, kar ka damu. Yanzu zan gyara."

"Sake yi."

Na sake. Ya miƙo hannu ya kama bolum ɗin da yatsu biyu, ya murɗa kaɗan, ya mayar, ya sake murɗawa, ya karkata kai. Leɓensa na motsi.

"Bar wannan," ya ce.

"Haba Baba, ai wannan ba a barinsa. Na gwaji ne. Ka ji yadda yake rawa kamar batir ya mutu? In na gama za ka ji shi tsaf, ko gezau ba zai yi ba."

"Idi, ramin algaita huɗu ne. Sauran a kumatu suke."

"Na sani, Baba. Shi ya sa na lissafa, maɓalli huɗu za su ba ka sauti har sha shida. Ya ma yi yawa."

Ya buɗe baki zai ƙara magana tari ya zo. Ya daɗe yana yi. Da ya lafa ya koma ya kwanta, ya ɗaga hannu alamar in yi yadda na ga dama. Ranar muka tsayar da sauti bakwai, ina murɗawa yana gyaɗa kai. Da yamma na ɗora ƙarfen dalma na cire bolum ɗin, na jefa shi cikin gwangwanin tarkace, na sa Bala ya ɗaure lambobin nan bakwai yadda ba za su motsa ba har abada. Wallahi har daɗi na ji.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da ya yi mini tayi na ƙarshe. Wannan karon bai ɗaga yatsu ba.

"Ko na gidanmu kaɗai," ya ce. "Gajere ne. Sati uku."

"Baba, sati biyu ya rage mini in gama duka."

Bai ce "to" ba ranar. Ya sa aka ɗauke algaitar daga gefensa aka rataye.

Na cika alkawari, cikin sati biyu na gama. Na sa kayan cikin akwatin katako, na shafa masa fenti, na rufe sandar da aka fere da jar fata kamar algaitar gaske. Maƙwabta suka cika zaure, har daga wasu unguwanni aka zo kallo. Aka jingina Baba da matashi, na ɗora masa sandar a hannu. Yatsunsa suka faɗa gurbinsu da kansu. Ya danna, murya ta fito ta bakin algaitar Garba, mai kauri, ta hanci, ba gurnani ba rawa. Mata suka yi guɗa daga cikin gida. Wani ya ce, "Kai, Idi ya gama da boko!" Baba ya bi take ɗaya har ƙarshe, ya tsaya, ya zuba wa sandar ido.

"Yaya, Baba?"

"Ya fita tsaf."

"Ya yi ke nan?"

"Ka sha wahala, Idi. Allah ya yi maka albarka."

Ni a kunnena "i" na ji. Safiya goma sha ɗaya muka yi muna ɗauka. Ya raɗa mini sunan gida, in rubuta a takarda, in danna rakoda, shi kuma ya danna maɓallai. Ban samu wayar da zan jona akwatin da rakodar kai tsaye ba, sai na ajiye ta a gabansa tana ɗauka ta iska, don haka yatsana yana kan maɓallin tsayarwa. Da na ga kafaɗarsa ta motsa tari zai zo, in tsayar. In zai yi magana, in tsayar. Ba na son dusasshiyar murya ta ɓata mini aiki. Muka cika kaset huɗu, take sittin da uku. Kullum in mun gama sai ya ce in ɗan ƙara zama, in zauna ina duba agogo saboda shago. An gama yankan gero da kwana kaɗan ya rasu, ranar Talata da walaha, kansa a cinyar Inna.

Bayan sadakar arba'in na ɗauki rakoda da kaset ɗin na tafi wajen Baba Dogo. Shi ne sanƙiran Baba, wato mai tsayawa gefen mai busa yana fassara wa jama'a da baki abin da algaita ke faɗa, yana kirari. Shekara arba'in suna tare. Lokacin idonsa ya tafi, yana zaune wajen 'yarsa a Ƙofar Gayan, bai samu zuwa ko jana'iza ba. So nake ya faɗa mini kalmomin kowane take in rubuta, aiki ya kammala. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ce a ɗauko masa hularsa, ya miƙe tsaye yana dafa sanda.

"Ba a yi wa Tanko kirari a zaune," ya ce. "Sa mu ji, ɗana. Kar ka faɗa mini na wane gida ne."

Na danna. Ya sa hannu a kunne, ya ja numfashi, ya buɗe baki yana jiran wurin shiga. Take ya yi nisa, bakinsa na buɗe. Take ya ƙare, ya rufe bakin.

"Sa wani."

Na sa. Haka. Na sa na uku, na huɗu. A na shida ƙafafunsa suka gaji, ya lallaɓa ya zauna, ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

"Wannan na ƙarshen na wane gida ne?"

"Na gidanmu ne, Baba Dogo."

Ya shafa hular da ke gwiwarsa.

"Yatsun nasa ne," ya ce. "Na ji tafiyarsu. Amma ba ta cewa komai, Idi. Algaita in za ta kira suna sai ta kwanto, ta ja, ta karye a tsakiya, ta yi rawa a ƙarshe. Nan maganar take. Wannan tsalle kawai take yi daga dutse zuwa dutse. Ban san inda zan shiga ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"To kai ba za ka iya rera mini su ba?"

"Ni kalmomi na sani, su ma sai ta kira ni nake tunawa. Hanyar a kumatunsa take." Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina. "Shi bai gaya maka ba?"

Ya gaya mini. A zaure, da hantsi, da yatsunsa biyu a kan bolum. Tun take na farko ya san ba abin da ke shiga kaset ɗin, ya kuma zauna safiya goma sha ɗaya da huhun da ya rage masa yana danna mini maɓallai, don kada wahalata ta tashi a banza a gaban mutane. Da na miƙa wuyana da yanzu gidan nan na da goma. Da na bar abin da ya ce in bari, wataƙila da wani abu ya tsira. Na zaɓi aisi, na zaɓi kwandansa, na zaɓi lasifika, kowanne sai da na tabbatar ya fi ɗan'uwansa tsabta, na kuma tsabtace maganar kakanninku har ba ta saura.

Baba Dogo bai faɗa wa kowa ba har ya koma ga Allah, ni ma na yi gum. Kun taso kuna jin ana cewa ubanku ne ya ceci taken gidan Tanko. Kun kwafe kaset ɗin kun zuba a wayoyinku, kuna sawa ranar suna, kuna gaya wa 'ya'yanku ga busar kakansu. Ina ji ina kawar da kai. To ku daina. Babu take a ciki, kuma ba ciwo ne ya cinye su ba, ni ne.

Ranar nan a wajen Baba Dogo, da na tashi zan naɗe waya, kaset ɗin yana ta tafiya don na manta ban kashe ba. Tsakanin wani take da wani, ashe akwai inda yatsana ya makara. Tari ya fito, guda biyu, gajeru, da jan numfashi a bayansu, sannan ƙarar tsayarwa. Baba Dogo ya damƙe mini hannu.

"Tsaya. Mayar."

"Kuskure ne, Baba Dogo, tari ne kawai. Na so in goge."

"Mayar, na ce."

Na mayar. Ya sunkuyo ya kusa manna kunnensa da rakodar. Tarin ya sake fitowa.

"Tanko," ya ce. "Wannan dai Tanko ne."

Sau huɗu ya sa na mayar masa. Yana kaset na uku, gefe na biyu, kusa da ƙarshe. Bai kai daƙiƙa uku ba, kuma iyakar abin da na adana muku na kakanku ke nan.